Haƙoran Yarinta: Abin da Ya Kamata a Duba a Kudancin Kano

A ƙauyukan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa mun sha jin iyaye na cewa haƙorin yaro ba abin damuwa ba ne, tunda zai yi famfara. Wannan magana tana jawo hasara. Haƙoran yarinta guda 20 ne, suna fara fitowa wajen wata 6, su kammala kusan shekara 3, kuma su ke riƙe wa haƙoran girma gurbi. Idan suka ruɓe da wuri, yaro ya kasa tauna, ya rame, na bayansu su fito a karkace.

Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukari su mayar da shi tsami, tsamin ya narkar da ɓawon haƙori, wanda a yara bai kai na manya kauri ba. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Yaron da ya wuni da alawa ko mazarƙwaila a kunci, aka kwantar da shi da koko mai zaƙi, ya fi shiga haɗari, domin miyau, wanda ke wanke tsamin, yana raguwa cikin barci. Uwa kan sa wa ɗanta ƙwayoyin nan idan ta tauna masa abinci.

Tamowa ma tana da hannu. Yaron da aka yaye da kunun masara zalla yakan fito da haƙora marasa ƙwari, alhali ga kifin Tiga, ga nono, ga wake da gyaɗa a kasuwar Kwanar Ɗangora. Inda tamowa ta haɗu da ƙyanda da ciwon dasashi ne ake tsoron cutar da likitoci ke kira noma (ba na gona ba), mai cinye kunci da leɓen yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Sakkwato na da asibitinta tun 1999, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su.

Muna ganin shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomin nan huɗu za su iya sa ma'aikata su riƙa buɗe bakin kowane yaro ranar awo da rigakafi, masu unguwanni su taya da faɗakarwa. Iyaye kuwa su goge wa yaro haƙora safe da dare da man goge baki mai fulorayid ɗan kaɗan, su kai shi asibiti da zarar dasashi ya kumbura ko baki ya fara wari.