Bakanike Da Motar Zamani: Wa Zai Bi Wani?

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Jega ya san mota ita ce ƙafar wannan yanki namu. Ita ke ɗauko albasar Aliero, ita ke bi ta Maiyama zuwa Yauri da Kontagora. Idan mota ta tsaya, kasuwa ta tsaya. Shi ya sa muke ganin maganar masu gyaranta ta shafi kowa, har da mu ɗalibai.

Iyayenmu sun tashi da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, amma Nijeriya ta ci gaba da haɗa ta har 2006. Dalili kuwa a fili yake: tana jure mugunyar hanya, kayan gyaranta na ko'ina, kuma bakanike da sifana da kunnensa kawai yana iya tashin ta a gindin bishiya.

Da motocin Baljiyam suka fara shigowa da injekta a maimakon kabireta, sai aka shiga ja da baya. Makanikai da yawa suka riƙa cire injekta suna mayar da kabireta. Wasu har yau suna cire na'urar da ke daidaita zafin inji, su ce an yi ta ne don ƙasar sanyi. Sakamakon haka inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai ya ƙara shan mai, ya kuma tsufa da wuri. Mai mota ya biya kuɗi an rage masa lafiyar motarsa.

Ba mu ce makanikanmu ba su da hujja ba. Gurɓataccen mai yana toshe injekta, kayan aikin zamani suna da tsada, kuma ba wanda ya tara su ya koya musu. Mutumin da ya shekara 30 yana ciyar da iyalinsa da sani guda, dole ya ji tsoron abin da zai mayar da shi ɗan koyo. Amma tsoro ba ya hana zamani tafiya.

Ko manyan masu ƙera mota sun ɗanɗana wannan. Henry Ford na Amurka ya fito da Model T a 1908, ya sayar da kimanin miliyan 15. Ya ƙi sauya ta, alhali kamfanin General Motors yana fito da sabon salo a kai a kai. A 1927 sai da ya rufe masana'antarsa na watanni domin ya sake shiri. Idan taurin kai ya ja wa attajiri irin wannan hasara, ina ga mai ƙaramin gareji a bakin tasha?

Tun 1996 doka a Amurka ta wajabta wa sabbin motoci su zo da wata kafa da ake jona kwamfuta, ta faɗi inda cutar take. Irin waɗannan motoci ne suka cika hanyoyinmu. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, gwamnatin tarayya ta shiga ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas. Tukunyar gas ba abin da za a ɗaura da lalube ba ne, domin kuskure ɗaya yana iya cin rayuka.

To, wa zai cike wannan giɓi? Mu ne, 'yan'uwa ɗalibai. Mun iya karatu, mun yi lissafi da kimiyya, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Abin da ya rage shi ne mu daina raina baƙin mai a jikin riga. Lokacin hutu mu je gareji mu durƙusa gaban tsofaffin makanikai mu koyi aikin hannu, mu kuma mu karanta musu abin da na'ura ta nuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon iyaye da malamai su daina ɗaukar kanikanci aikin wanda ya faɗi jarrabawa. In ba mu shirya ba, direban Jega zai riƙa jan motarsa har Sakkwato ko Kaduna neman gyara, kuɗin kuma su bi shi can. Allah ya ba mu ikon koyo.