Sukuwa da gidajen caca a Amurka: wa ke riƙe da linzami?

A watan Satumba na shekarar 2021 aka yi sukuwar ƙarshe a filin Arlington Park da ke gefen birnin Shikago, filin da aka buɗe tun 1927, wanda kuma a cikinsa ne aka fara sanya kyautar dala miliyan ɗaya a tseren dawakin asali, a 1981. Abin da ya fi ƙona ran masoya sukuwa game da rufe shi shi ne, an rufe shi ne a daidai lokacin da doka ta buɗe masa ƙofar arziki. A 2019 majalisar jihar Illinois ta amince wa filayen sukuwa su kafa injinan caca, abin da masu filayen suka yi shekara da shekaru suna roƙo. Sai kamfanin Churchill Downs, mai filin tun 2000, ya ce ba ya neman lasin, wai harajin da aka ɗora ya yi nauyi. Ba a jima ba jama'a suka lura cewa a wannan shekarar ce kamfanin ya sayi kaso mafi tsoka na wani gidan caca mai suna Rivers, wanda ke 'yar tafiya kaɗan daga filin. Wa zai buɗe shago ya ƙwace wa kansa ciniki? An sayar da filin ga ƙungiyar ƙwallon Chicago Bears kan dala miliyan 197, kuma a 2023 aka rushe rumfar 'yan kallo.

Caca dai mun san hukuncinta a wurinmu, kuma wannan rubutu bai zo ya yi mata ado ba. Abin dubawa a nan shi ne yadda wata sana'a mai ciyar da dubban mahaya da 'yan barga da manoman ciyawa ta wayi gari a hannun waɗanda doki bai dame su ba.

Asalin lamarin ya faro ne daga talauci. Shekaru da dama filin sukuwa shi ne kusan wuri ɗaya tilo da doka ta yarda Ba'amurke ya zuba kuɗi a mafi yawan jihohi. Da jihohi suka soma tasu cacar ta tikiti, gidajen caca kuma suka yawaita, sai 'yan kallo suka janye. Mafitar da aka samo tun cikin shekarun 1990, a jihohi irin su West Virginia da Iowa, ita ce a girka injinan caca a cikin filin, a riƙa yankar wani kaso ana zubawa a kyautar dawakin da suka yi nasara. Har kalma suka ƙirƙira, “rasino”, inda suka ɗauki kan sunan filin sukuwa suka ɗaura wa gangar jikin sunan gidan caca. Duk mai nazarin harshe ya san cewa a irin wannan haɗi, ɓangaren da ya ɗauki nauyin ma'ana shi ne maigida. Kamfanin Penn National, wanda ya samo sunansa daga wani filin sukuwa a jihar Pennsylvania, a 2022 ya sake suna zuwa Penn Entertainment.

A lokaci guda kuma filayen suka yi ta taruwa a hannun 'yan tsiraru. Churchill Downs, mai shirya gasar Kentucky Derby tun 1875, ya sayi Calder a Fulorida da Hollywood Park a Kalifoniya a 1999, sannan Fair Grounds a 2004. Attajirin Kanada Frank Stronach ya sayi Santa Anita a 1998, Gulfstream a 1999, daga baya ya haɗa da Pimlico da Laurel, kafin kamfaninsa na Magna ya durƙushe saboda bashi a 2009. An ce haɗewar za ta kawo tsari da ƙarfi. To, Hollywood Park an sayar da shi a 2005, an rufe a 2013, yau katafaren filin ƙwallo na SoFi ne a wurin. Shi kuwa Calder labarinsa ya fi ban takaici: da kamfanin ya gano cewa lasin wani wasan ƙwallon bango ya isa ya riƙe masa injinansa, sai dawaki suka bar wurin a 2020, injinan suka ci gaba da aiki.

Masoya sukuwa sun rabu a kan wannan. Akwai masu cewa ba don kuɗin injinan ba, da tuni rabin filayen sun zama unguwanni, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Jihar Kentaki, inda majalisa ta halatta wasu injina masu dogaro da sakamakon tsofaffin tsere a 2021, yanzu tana cikin masu biyan kyauta mafi tsoka a ƙasar. Kalifoniya kuwa, inda ƙabilun 'yan asalin ƙasa ne kaɗai doka ta ba ikon injinan caca, filayenta ba su da wannan tallafi, kuma a 2024 aka rufe Golden Gate Fields. Wato inda babu gidan caca ma filin mutuwa yake yi. Gaba kura, baya sayaki.

Amma ni ina ganin ɗaya ɓangaren ya fi hango nesa, domin su tambayarsu ita ce: me tallafin ya gyara? A 2003 kuɗin da aka zuba a kan sukuwa a Amurka ya haura dala biliyan 15. A 2024 bai kai biliyan 12 ba, alhali darajar dalar kanta ta ragu ƙwarai a tsakani. A 1986 an yi rajistar 'ya'yan dawakin asali sama da 50,000 a Arewacin Amurka. Yanzu abin da ake haifa a shekara bai kai 20,000 ba. Kyauta ta ƙaru, masu kallo ba su ƙaru ba. Dalili kuwa a fili yake. Mai filin da injina ke cika masa aljihu dare da rana, ba tare da ciyawa ko likitan dabbobi ko gyaran ƙasa ba, ba shi da abin da zai sa ya rage kason da yake yanka daga masu zuba kuɗi a kan doki, wanda yakan kai 15 zuwa 25 cikin ɗari, ko ya gyara musu wurin zama. Sukuwar ta zama haraji da yake biya don riƙe lasi, kuma kowane ɗan kasuwa neman hanyar rage haraji yake yi.

Har dawakin ma ba su tsira ba. Bayan an buɗe gidan caca a filin Aqueduct na New York a 2011, dawaki 21 suka mutu a zangon sukuwar hunturun da ya biyo baya. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa ya gano, cikin wasu dalilai, cewa kyautar da ake sanyawa a tseren ƙananan dawaki ta zarce kuɗin dokin kansa, abin da ya ƙarfafa wa wasu gwiwa su fito da dabbar da ya kamata a bar ta a barga ta huta.

Sannan zanen aro ba ya rufe katara. Lardin Ontariyo na Kanada ya fara raba kuɗin injina da filaye a 1998, ya soke shirin a 2013, masu kiwo suka shiga halin ni-'yasu. A 2020 gwamnan Pennsylvania na lokacin, Tom Wolf, ya nemi a karkatar da sama da dala miliyan 200 na tallafin sukuwa zuwa karatun ɗalibai. Bai yi nasara ba, amma wane ɗan majalisa ne zai daɗe yana kare doki a gaban ɗalibi? Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne ta fuskar ƙasa, domin Dandalin Tafawa Ɓalewa na Legas tsohon filin sukuwa ne; fili mai faɗi a tsakiyar birni kullum akwai mai ƙyasa shi.

Inda sukuwa ta tsaya da ƙafarta, za a tarar mai filin ba shi da wata sana'ar da ta fi ta riba a gefe, ko kuma ba shi da ikon sayar da ƙasar. A Japan hukumar gwamnati ce ke gudanar da manyan filaye tun 1954. A Hong Kong ƙungiya ce da ba ta raba riba ga masu hannun jari. A New York ƙasar Saratoga da Belmont ta jiha ce tun 2008. Jihar Maryland ita ma ta bi wannan sahu: a 2024 ta karɓi Pimlico daga hannun kamfanin iyalan Stronach, majalisarta ta amince da rancen dala miliyan 400 don sake gina shi da samar da wurin horar da dawaki, kuma bayan gasar Preakness karo na 150 a 2025 aka soma rushe tsohon ginin.