Unguwar Hansa a Berlin: Iska da Hasken Rana Ba Ado Ba Ne

Akwai masu sukar gine-ginen da aka yi a biranen Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna cewa akwatunan kankare ne marasa fasali. Amma duk wanda ya san irin gidajen da talakawan Berlin suka zauna a ciki kafin yaƙin, zai yi jinkirin yanke wannan hukunci.

A ƙarni na 19 an cika birnin da dogayen benaye na haya, manne da juna. Dokar gini ta 1853 ta yarda tsakar gida ta tsaya a mita 5.34 tsawo da faɗi, wato iyakar inda keken kashe gobara zai iya juyawa. Rana ba ta leƙa ɗakunan ƙasa, iska kuwa ba ta zagayawa. Nan tarin fuka ya sami masauki, domin ƙwayar cutar iska take bi, tana kuma daɗewa a ɗaki mai duhu, alhali hasken rana na kashe ta. Hasali ma, a wannan birni Robert Koch ya gano ta a 1882.

Bama-bamai sun ragargaza unguwar Hansa a Nuwamba 1943. Da aka tashi sake gina ta domin baje-kolin gine-gine na 1957, an gayyato masu zanen gini fiye da 50, cikinsu har da Walter Gropius da Alvar Aalto na Finland da Oscar Niemeyer na Brazil. Unguwar masu hali ce a da, amma sabon tsarinta martani ne ga waɗancan benaye na haya: kowane gini ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar ciyayi da itatuwa, da manyan tagogi da baranda.

Ba gini kaɗai ya karya lagon cutar ba; magunguna irin su streptomycin da wadatar abinci sun yi nasu aiki. Masu suka kuma suna da gaskiya game da manyan unguwannin da aka gina daga baya a bayan gari, kamar Gropiusstadt, inda aka tara dubban iyalai nesa da wuraren aikinsu. Sai dai wannan laifin yawa ne da gaggawa, ba laifin taga ba. Shi ya sa bai kamata a yi musu kuɗin goro da unguwar Hansa ba, wadda aka sanya cikin wuraren tarihi da doka ta kare a 1995.