Kududdufin da muka cike, Sin na haƙa irinsa da kuɗi

Makon jiya na je Kangire gaisuwar rasuwa. Bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wani kawuna, dattijon da ya haura saba'in, ya ja hannuna zuwa bayan gida, wai in zo in ga tsarabar da damina ta bar masa. Katangar gabas ce ta zube, ta haɗa da kusurwar ɗakin da matarsa ke ajiye tukwane. Ya ɗora sandarsa a jikin ɗakin da ya tsira, daidai inda ruwa ya bar zane, wajen taki biyu daga ƙasa.

"Ɗana, ka ga nan? Tun ina yaro ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofar gidan nan ba."

Na ce, "Kawu, ai yanzu ruwan ne ya yi yawa, yanayi ya canza."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko. "Ya yi yawa kam. Amma ka tambayi inda yake kwana da." Ya miƙa sandar wajen wasu gidajen bulo guda uku masu sabon kwano. "Can kududdufi ne. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar nan kaf. A nan muka koyi iyo. An cike shi da shara, an yanka fuloti, an sayar. Baƙon da ka rushe wa masauki, ai ɗakinka zai shigo."

Na dawo gida da wannan magana a raina, domin a 'yan watannin nan na yi ta karance-karance kan abin da masana ke kira juriyar birane, wato yadda gari zai sha dukan ambaliya ko fari ko guguwa, ya miƙe bai karye ba. Fage ne da ya cika ya batse da rubuce-rubuce. Kalmar ta samo farin jininta ne daga wani masanin muhalli ɗan Kanada, C. S. Holling, wanda ya yi rubutu a 1973 kan yadda daji ko tafki ke murmurewa bayan an girgiza shi. Daga baya masu tsara birane suka ara suka yafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar Hyogo a 2005, ta bi ta da ta Sendai a 2015, duk a Japan, kuma gundarin sauyin shi ne a rage dogaro da rabon shinkafa da tabarmi bayan ɓarna, a koma neman sanin inda haɗarin yake tun kafin hadari ya haɗo. Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta zaɓi birane ɗari a shirin da ta fara a 2013, Legas na ciki, aka rufe shirin a 2019.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu binciken suka juya wa kankare baya. Shekara da shekaru, injiniya in ya ga ruwa, tunaninsa ɗaya ne: a gina masa lambatu mai faɗi, a kore shi da sauri. Sai aka gano cewa ruwan da ka kora daga ƙofarka da gudu, da gudun zai isa ƙofar na ƙasa da kai. A Sin, wani farfesan tsara filaye mai suna Kongjian Yu ya daɗe yana wa'azin cewa gari ya zama kamar soso, ya tsotse ruwa, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali. Gwamnatinsu ta karɓi shawarar, ta zaɓi birane 30 na gwaji a 2015 da 2016, ta zuba maƙudan kuɗi ana haƙa tafkuna a tsakiyar unguwanni, ana fasa daɓen siminti don ƙasa ta sha. Ku karanta wannan da kyau, sannan ku tuna da sandar kawuna. Abin da suke haƙawa da kuɗin gwamnati, mu kakanninmu sun bar mana shi kyauta, muna cike shi da leda da tokar murhu don dillali ya samu la'ada.

Hikimar tsohon gini a ƙasar Hausa a dunƙule take. Ramin da aka ciro ƙasar tubali, shi ne ke karɓar ruwan da indararo ya zubo daga soron da aka gina da tubalin. Gida ya ƙaru, rami ya ƙaru. Kafin damina kowane magidanci ya san aikinsa: a sake yaɓe, a duba azara, a gyara bakin indararo, a ba katangar gabas kulawa ta musamman domin daga can iska ke koro ruwa. Masu hali su shafe bango da makuba. Unguwa ta fito aikin gayya a yashe kwata. Yau wanda ya samu kuɗi ya yi bulo, ya ɗaga harsashinsa sama da na maƙwabci, ya yi daɓen siminti har bakin hanya. Wanda bai samu ba yana nan cikin gidan ƙasa, amma ba ramin, ba gayyar, ga kuma ruwan kwanon maƙwabci na sauka a gindin katangarsa. Gidan ƙasa ba ruwan sama ne ya fi kashe shi ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa kwana biyu ne.

Kada a ce na mayar da kududdufi aljanna. Matattarar sauro ce, kusan kowace damina sai an ji yaro ya nutse a wani gari, kuma idan ya zama juji warinsa kaɗai ya isa a tsane shi. Soson na Sin ma yana da iyaka: birnin Zhengzhou an kashe masa kuɗi a kan wannan tsari, amma ruwan Yulin 2021 ya fi ƙarfinsa, mutane kusan 400 suka rasu a lardin da birnin yake. To amma maganin ramin da ba a kula da shi ba shi ne a kewaye shi, a yashe shi, a hana zuba shara. Wanda kansa ke ciwo ba fille masa kan ake yi ba.

Inda nake da ƙorafi da masu binciken shi ne wurin da suka kafa idonsu. Ka buɗe mujallunsu, Jakarta za ka gani da Dhaka da New Orleans, in an sauko Afirka a ce Legas ko Accra ko Dar es Salaam. A Arewa sai abu ya kai girman na Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994, ko na Mokwa a Mayun 2025, kafin a waiwayo. A Jigawa ma, in an ce ambaliya, hankali na tafiya ne kogin Haɗeja, da ruwan Tiga da Challawa, da kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a Auyo da Guri da Kirikasamma. Hakan daidai ne, can ne ɓarnar ta fi yawa. A 2022, Malam Umar Namadi, yana mataimakin gwamna a lokacin, ya ce mutum 134 ne suka rasu a jihar. Sai dai mu nan kudancin jihar ciwonmu daban ne. Ruwan sama ya fi sauka a wajenmu fiye da arewacin jihar, ƙasarmu akwai duwatsu da gangare, ruwa ba ya sallama, cikin sa'o'i kaɗan rafin da ka tsallake da takalmi da safe ya zama abin da zai tafi da mota.

Mutanen Gwaram ba sa bukatar a tuna musu. A Agustan 2021 ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka, mutum 21 suka rasu. A shekarun nan ƙoƙarin masana ya karkata sosai ga hasashe: tauraron ɗan'adam, da kwamfutar da ke koyo daga bayanan shekarun baya, har kamfanin Google na da shafin da ke nuna kogunan da za su cika. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NiHSA ta bi da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tana so kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam ya kasance gargaɗi na isa gare shi. Madalla. Amma a ce wa mutum "ƙaramar hukumarku na cikin haɗari" kamar a ce masa "bana za a yi rashin lafiya a garinku" ne. Wace kwalbati ce ta tsage? Wane lungu ne ruwa ke fara shiga? Wa zai jawo reshen ƙaya ya tare hanya idan gada ta karye, kuma lambar wa zai kira? Tauraro ba ya ganin tsagar da ke ƙarƙashin kwalbati. Ɗan acaɓan da ke bi ta kanta sau goma a rana ya gan ta tun bara.

Garuruwa irin su Kangire da Wurno da Sara da Basirka sun faɗa tsakanin kujeru biyu. Sun wuce ƙauye, domin ga shaguna, ga gidajen bulo, ga fulotan awon igiya suna cin gonakin bakin gari. Ba su kai birnin da za a zana wa taswira a tura jami'in tsara gari ba. Alhali masu ƙididdigar Africapolis, da ke bin yaɗuwar birane a nahiyar nan, duk matattarar da ta kai mutum 10,000 birni suke ɗaukar ta. A irin waɗannan garuruwa ne ake yanke shawarar da za ta ɗaure jikoki, kuma galibi mutum uku ne ke yanke ta a tsaye: mai fili, dillali, da mai unguwar da zai sa hannu.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Marigayi Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi ta komawa ƙauyen Dagaceri da ke arewa maso gabashin Jigawa ta yau, shekara bayan shekara tun farin shekarun 1970, yana zama da manoma yana rubuta yadda suke tsallake yunwa. Littafin da ya fitar a 1989 har yau ana kafa hujja da shi a duniya, kuma jarinsa haƙuri ne da littafin rubutu. A Dar es Salaam kuwa, tun 2015 aka tura ɗaliban jami'a lungu-lungu da wayoyin hannu, a shirin Ramani Huria, suna zana kowace kwata, suna tambayar mazauna inda ruwa ya tsaya bara.

Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Bayero a Kano. Kowace shekara ɗaliban labarin ƙasa na rubuta kundin kammala karatu, da yawa a kan maudu'in da aka tauna aka tofar, a ɗaure da baƙin bango a jibge a kabad. Me zai hana malami ɗaya ya ɗauki Kangire, ya ce shekara goma ɗalibansa nan za su riƙa zuwa? Su lissafa kududdufan da suka rage da waɗanda aka cike, da shekarar da aka cike su. Su auna zanen ruwa a bango kafin a shafe shi da sabon yaɓe. Su kafa ma'aunin ruwan sama a makarantar firamare, ɗan aji shida ma zai iya karanta shi. Su zauna da tsofaffin magina da dattawa tun suna da rai. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin mota da abincin ɗalibai ashirin ba zai girgiza shi ba. Da irin wannan takarda a hannu, hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma zai iya cewa wannan ramin ba na sayarwa ba ne, kuma ya nuna dalili.

Da zan tafi, kawu ya rako ni bakin titi. Na tambaye shi yaushe zai tayar da katangar. Ya ce sai bayan kaka, in ya sayar da riɗi, kuma a kurar shanu za a kawo masa ƙasar daga bayan gari, tunda ta kusa ta zama ɗakin wani. Muka bi ta gefen ɗan abin da ya rage na kududdufin, ruwa kore shar, agwagi biyu na wanka. A bakinsa an riga an kafa turaku huɗu, an sauke tifar yashi.