KUNKUNNIYAR MADAFARMU BA A RUFI TAKE TSAYAWA BA

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Don Allah kowacce ta ɗaga kai ta dubi rufin madafarta. Wannan kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin, ita muke shaƙa kullum, mu da goyonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara.

Wadda ba ta maƙale a rufi ba kuwa sama take tashi. Kun san yadda baƙin mayafi ke jan zafi a bazara? Haka baƙin hayaƙin itace, da na kara, da na bola ke zuƙe zafin rana ya ɗumama iska. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Chadi ta bambanta: tana tare wani ɓangare na hasken rana, shi ya sa ranar hazo rana ba ta da kaifi. Amma in an sare itatuwa ƙasa ta zama fili, iska ta kwashe ƙasar gonarmu, mu kwana da tari.

To wai sai a ce mata ne ke ƙarar da daji. Haba! Wa ya ba mu zaɓi? Da kuɗin gas za mu ji, ko da na cefane? Wadda ke hawaye a gaban murhu ba ita ke loda gawayi a mota ba.

Ga abin daɗin: baƙin hayaƙi kwanaki ko 'yan makonni yake yi a sama, ba kamar iskar kabon mai ɗaruruwan shekaru ba. In aka rage shi, ba sai jikokinmu za su ga amfanin ba.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo da atamfa da taliya, ko namu ne, mu tambaye shi: ina murhu mai tsimin itace? Ina dashen darbejiya a mazaɓarmu, da mai ba shi ruwa? Tun 2015 aka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, kuma Jigawa na ciki. Ina rabon unguwarmu?

Atamfa wanki nawa ce? Huhu kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Maigatari.

Mu ke bin layi ranar zaɓe, mu za mu faɗi farashin ƙuri'armu. Shugabannin mata na mazaɓu, a kawo sunan duk gidan da ke girki da itace kafin taronmu na gaba.

A tura wa sauran guruf.

Taku,
Shugabar Mata