Kafin Ka Sa Diga a Ƙasa, Nemi Izini

Jama'a, ga kaka ta wuce, rani ya kama, kowa ya shiga maganar lambu. Wani zai kewaye filinsa da katanga, wani zai haƙa tafki ya tare ruwa, wani kuwa zai cike kwari ya dasa mangwaro da gwaiba. Duk wannan abin yabo ne. Amma akwai abu guda da mutanenmu suke rainawa, shi ne neman izini kafin a fara aiki.

Bara na ga wani ɗan kasuwa a bayan garinmu ya zuba ribarsa ta shekara biyu cikin katangar lambu. Ashe a bisa hanyar ruwa ya gina ta. Da damina ta sauka ruwa ya rasa mafita, ya kwarara gonakin maƙwabta ya kwashe musu gero. Aka kai ƙara, ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti, katanga ta sha ƙasa, ko kwabo ba a biya shi ba. Ga hasara, ga gaba da maƙwabta.

To, me doka ta ce? Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Cikin birni shi ke ba da takardar mallaka, a ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce. Amma ku lura, takardar mallaka daban, izinin gini daban. Na biyun yana wurin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Shuka albasa ko dasa itace ba ya bukatar takarda. Katanga, da ɗakin mai gadi, da cike fadama cikin gari su ne ake tambaya.

Game da ruwa, dokar 1993 ta yarje wa mai fili a bakin rafi ya ɗiba kyauta don gidansa, da dabbobinsa, da ban ruwan lambunsa. Ba ta ce ka datse rafin ka bar na ƙasa da kai da ƙishirwa ba. Haka nan kada shingenka ya ci burtali, gama nan ne rigimar manomi da makiyayi take farawa. Ka kuma nisanci ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Na sani wasu za su ce, "Malam, takarda tana shan wata da watanni, lokacin dashe ya wuce." Gaskiya ne, kuma ya kamata ma'aikatan ofis su ji wannan kuka, su riƙa sallamar talaka da wuri, don jinkirinsu ne yake tura mutane ga yin gaban kansu. Amma jiran wata uku ya fi rushe aikin shekara biyu.

Shawarata ita ce, fara da dagaci da maƙwabtanka, a taka iyaka a gaban shaidu. Sa safiyo ya auna ya zana taswira. Kai takardunka tun da sauran lokaci, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Sa'an nan ka kira malamin gona ya duba maka gangaren ruwa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.