Ra'ayi: A Daina Guntule Wa Mota Ƙafa a Kujama

Wata sabuwar wauta ta shigo mana, kuma in aka yi shiru sai ta ci rai kafin a farga. Samari masu ƙananan motoci, Golf da Corolla da Civic, sun tsiri durƙusar da mota har cikinta ya kusa shafar ƙasa, wai shi ne gayu. Ba ma a gareji ake yi ba. A ƙofar gida ake yi, da jak ɗaya, da bulo biyu, da waya a jingine tana nuna bidiyon wani Bature a YouTube. In an gama sai a ja da baya a kalle ta, a ce ta zauna. Ni kuwa cewa nake an nakasa ta. Wanda ya yi wa motarsa haka alhali a Kujama yake kwana yake tashi, ya manta a inda yake zaune.

Wace hanya za ka bi da ita? Daga Sabon Tasha ka wuce Maraban Rido ka shigo Kujama, ka nufi Kasuwan Magani da Kajuru da Kufana da Idon har Kachia, in tafiyar ta yi nisa ka bi ta Zonkwa ka sauka Kafanchan. Hanya ce ta tireloli da tankoki da motocin citta da masara. Gari bayan gari an gicciya tudun rage gudu, domin jama'a sun gaji da ɗaukar gawar 'ya'yansu a bakin titi, kuma ba kowane tudu ne injiniya ya auna ba. Ko an yi wa kwalta faci, damina ɗaya ta isa ta buɗe ramuka ta cinye gefen titi. Ka sauka daga kwaltar ka shiga unguwa kuwa, sai jar ƙasa da kwararon ruwa da duwatsun da suka leƙo. Mai durƙusar da mota a nan daidai yake da wanda ya ɗinka riga mai jan ƙasa zai shiga gona a watan Agusta.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Ƙaramar mota tana fitowa daga kamfani da tazarar da ba ta wuce santimita 13 zuwa 15 ba tsakanin cikinta da ƙasa. Sifirin rage tsawo na kamfani, irin na Eibach ko H&R, yana sauke ta da santimita 3 zuwa 4. Wanda ya yanka sifirin da kansa sau da yawa yakan zarce haka. Ka zuba mutum biyar da buhun masara a but, ta ƙara nutsewa. Me ya rage? Abin da ya fi kusa da ƙasa kuwa ba ado ba ne: kaskon baƙin mai ne a ƙasan inji, da salansa, da bututun birki da na fetur. Dutse ɗaya ya fasa kaskon nan, baƙin mai ya tsiyaye kana tafe kana jin kiɗa, inji ya buga. Ka sayi gayu da kuɗin sabon inji ɗan Beljiyam.

Wannan ma asarar dukiya ce, ana iya mayarwa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ake yin aikin. Sifirin kamfani yana da tsada, sai an yi odarsa, don haka mafi yawansu hanyar arha suke bi. Wani ya kira mai walda ya datse zagaye ɗaya ko biyu na sifirin motar. Wani ya sa wuta ya gasa ƙarfen har ya yi ja ya lotsa. Sifirin da aka gasa ya mutu, domin zafi ya kashe ƙwarin da aka ba shi a masana'anta. Zai ci gaba da sauka ba daidai ba, wata rana ya karye. Wanda aka datse kuma bakinsa ba ya zama daram a mazauninsa. Taya ta faɗa rami ta rataya, sai ya goce. Shi kuma shokozoba an ƙera shi ne ya yi aiki a wani tsawo. Ka tilasta masa zama a matse, ba zai daɗe ba zai fara zubar da mai. Daga nan mota ta koma tsalle. Tayar da ke tsalle ba ta kan kwalta, tayar da ba ta kan kwalta kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Ga shi tayoyin sun karkace sun buɗe ƙafa, cikinsu yana cinyewa ta inda ido ba ya gani, saboda ba wanda ya kai motar a yi mata alaimen bayan an sauke ta. Ranar da tayar za ta fashe ba a ƙofar gida za ta fashe ba, sai kana gudu za ka wuce tirela.

Kafin ma a kai ga titi, ajali yana nan a tsakar gida. Motar da ta kai tan ɗaya da ɗoriya, kowace ƙafarta ta gaba tana ɗauke da kilo 300 ko fiye, kuma sifirin ne ke riƙe da wannan nauyin. Ko an ciro shi tare da shokozoba yana nan a matse. Akwai ƙarfen da aka yi musamman don danne shi kafin a kwance notin sama. Yaranmu ba su da shi, sai su ɗaure da igiya ko waya, ɗaya ya taka da ƙafa, ɗaya ya kwance. In ya kuɓuce, abin da ya samu ya samu, ido ne, haƙori ne, ko ƙanin da ya tsuguna yana kallo. Jak kuma don ɗagawa aka yi shi, ba don a shiga ƙarƙashi ba. Bulon siminti da ake tokarewa da shi ba ya gargaɗi, rugujewa kawai yake yi.

Za su ce ai a Turai ana yi. Ana yi, amma kun kwaikwayi hoto kun bar sauran. A Jamus, ƙasar da ta ƙera Golf ɗin da kake yi wa kaciya, in ka canja sifirin sai da takardar shaidar cewa ya dace da irin motarka, masu binciken mota irin su TÜV su duba. In babu, motar ta rasa izinin hawa titi. A Japan, inda samari suka shahara da wannan ado, doka ta ce tazarar ƙasa kada ta gaza santimita 9, ga titunansu sumul. Su kansu 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles da suka fito da salon tun shekarun 1940, da jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana sauke mota ƙasa da bakin wili a 1958, sai suka ƙirƙiro famfon da ke ɗaga mota ya sauke ta a duk lokacin da direba ya so. Masu abin sun bar wa kansu hanyar komawa sama. Kai ka yanke naka ka jefar a bola.

Abin kunyar shi ne a jihar Kaduna ake wannan. A Kakuri, nan kusa da mu, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a 1975. Me ya sa 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha da ta alhazai tsawon shekaru? Ƙafa. Tana da tsawo, sifirinta yana da wurin motsi, tana haɗiye rami ba ta girgiza ba. A wannan shekarar ta 1975 ita ce ta ci gasar Safari a kan hanyoyin ƙasa na Kenya. Injiniyoyin Faransa sun dubi hanyoyin Afirka suka ba mota tsawo. Jikokin waɗanda suka yi aiki a wannan masana'anta sun dubi hanyoyin nan dai suka ɗauko zarto.

Na san amsar da ke bakinsu: motata ce, kuɗina ne. Motarka ce a ƙofar gidanku. Da ta hau titi ta zama ta kowa, domin ɗan acaɓa da mai tallan gyaɗa da yaran makaranta ba su sa hannu a kan gwajinka ba. Ko ba ka buge kowa ba, kana cutar da mutane. Wa bai ga irin motar nan ta iso tudun rage gudu ta karkace ta tsaya a gicciye, ta tare hannun masu zuwa, tana hawa taya ɗaya-ɗaya, tirela na huci a bayanta ba? Ranar Alhamis da Kasuwan Magani ke ci, mutum ɗaya ya tsayar da jama'a saboda bambarsa. Sannan a garuruwanmu mota ba ta mai ita kaɗai ba ce. Naƙuda ta tashi cikin dare, ko maciji ya sari yaro, ƙofar mai mota ake bugawa, Musulmi ne ko Kirista. Me za ka ce wa maƙwabcinka? Cewa motar ba za ta iya shiga layinsu ba? Kuma kowa ya san abin da wannan hanya ta sha a hannun masu garkuwa da mutane. Ba hanyar da mutum zai so inji ya mutu masa da dare ba ce.

Laifin ba na samari kaɗai ba ne. Uban da ya saya wa ɗansa mota, ya fito ya ga an kwance mata ƙafafu a tsakar gidansa, ya wuce masallaci ko coci bai ce uffan ba, da shi a ciki. Mai waldar da ya karɓi kuɗi ya gasa sifirin alhali ya san abin da wuta ke yi wa ƙarfe, da shi a ciki. Kada direbobin haya su yi dariya, su da ke cusa gutsuren tsohuwar taya a tsakanin sifiri don Golf ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Wannan ya ɗaga, wancan ya sauke, amma duk wasa da rai ne.

Saboda haka kirana a fili yake. Jami'an FRSC da KASTLEA da ke tsayawa a hanyar Kachia su riƙa sunkuyawa suna duba ƙasan mota, ba takarda kaɗai ba. Takarda ba ta taɓa kifar da mota ba. Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA su hana 'ya'yansu yanka ko gasa sifiri, ko nawa aka ba su. Masu unguwanni da iyaye su tsawata tun ana ɗora jak. Kai kuma ɗan'uwa, in kuɗin ya yi maka yawa, sayi tayoyi masu kyau, canja shokozoban da ya mutu, gyara birki da fitila, sauran ka yi mata fenti duk kalar da ranka ke so. Wanda ya riga ya yanka ya nufi kasuwar Panteka ya nemo sifiri na asali, ya kai wa bakanike mai kayan aiki ya mayar, a yi mata alaimen kafin ta sake ɗaukar ɗan kowa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai dai a kan titi ba shi kaɗai yake jin hohon ba.